Kwanon Waje da Tukunyar Karas

Jiya da azahar Hauwa, matar ɗana, ta kawo mini shinkafa da miya, ta barbaɗa karas a kai, an yanka shi ƙanana-ƙanana gwanin sha'awa. Loma ɗaya na kai baki na ji ƙwas a kan dasashi, har hawaye ya zo mini. Haƙorana na ciki sun daɗe da yi mini sallama, na gaban ma lallaɓa juna muke yi.

Na ce, "Hauwa, karas ɗin nan ya shiga tukunya kuwa, ko leƙawa kawai ya yi ya fito?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai haka ake yinsa yanzu. In ya dahu luguf duk amfanin tafiya yake yi."

Na ture farantin. Yarinyar nan ba ta yi mini komai ba, amma faɗan da na rufe ta da shi, wanda ya ji daga waje zai ɗauka gidan ta ƙona. Ta kwashe kayanta ta fita tana mamaki. Ni kuwa na koma gindin darbejiya na zauna, zafin bazarar Nguru yana ratsa ni har ƙashi, ba wuta balle fanka, ganye ko ɗaya ba ya motsi. A nan na gane ba da Hauwa nake ba. Da wani mutum nake wanda ya daɗe a ƙasa, kuma irin wannan zafin ne ya tono mini shi.

A Gashua muke a wancan lokacin, a wata unguwa da ke gangaren kogi. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Iya. Shi Malam nake ce masa, a nan ma Malam ɗin zan ce. Ban kai ga haihuwa ba tukuna. Iya ce ta riƙe ni tun ranar da aka kawo ni daga Jakusko, ita ta koya mini gyaran kifi da miyar kuka irin tasu, in na cika gishiri sai ta ce wa ɗanta ita ce hannunta ya zarce. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai son wasa, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, goro ma sai na daka mata. Uwata da ta haife ni ban san ta ba, Iya na sani.

Daminar shekarar ta fara kamar abin arziki. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya yi baƙi ya kai ƙugu. Yana fara fitar da kai, sama ta ɗauke. Kullum da yamma hadari ya haɗu ta gabas, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da tukwanenmu. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Gero ya bushe a tsaye, ka murza zangarniya a hannu ba abin da zai faɗo sai ƙaiƙayi. Kogin ma da muke taƙama da shi bai hau fadama ba, don haka babu shinkafa, kifi kuma sai 'yan mitsi-mitsi irin waɗanda a da kaji muke watsa wa.

Malam ba rago ba ne, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Da ya ga rani zai same mu hannu wayam, ya shiga fadama ya haƙa rijiya shi kaɗai, ya kafa jigo, ya karɓi irin karas wurin wani Bakano da ya ce masa a birni ana rububinsa. Safe da yamma yana ban ruwa, har tafin hannunsa ya tsattsage kamar ƙasar tafkin da ya ƙafe. Ni da Iya muna gida muna saƙar tabarmar kaba. Karas kuwa ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Ya cika buhuna ya hau babbar mota zuwa nan Nguru, da nufin ya haɗu da fataken da ke lodi a jirgin ƙasa. Jirgin bai zo ba. Da ya zo daga baya, fataken hatsi suke nema, ba wanda ya ko kalli buhunsa. A lokacin karas a wurinmu abin gwaguya ne, kamar rake ko goriba, abin da mai ƙoshi ke saya yana tafe yana ci. Wa yake da ƙoshi a shekarar? Ya dawo da kayansa sun yi yaushi, sauran da ke gona kuma ya ce a bar su a ƙasa sai kasuwa ta gyaru.

Kasuwa ba ta gyaru ba. Karas dai ya ci gaba da tsufa a ƙasa, ya yi kauri, ya yi gashi, zuciyarsa ta koma itace. Da rijiyar ta fara ja baya aka tone shi duka aka kawo gida, muka binne shi cikin yashi a ɗakin ajiya, ina yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Rumbu ya riga ya kai ƙasa, na share shi har da tsintsiya. A haka aka ga watan azumi, a tsakiyar bazara.

Wanda bai yi wannan azumin ba, in na ba shi labari zai ce ƙari nake yi. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi. Ruwan randa ya zama kamar an ɗora shi a wuta. Ƙadangare ma sai ya buɗe baki ya lafe a inuwa. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, in la'asar ta yi ba mai iya magana da ƙarfi. Na roƙi Iya ta ajiye azumin, shekarunta sun ba ta dama. Ta ce, "'Yar nan, ko na ajiye me zan ci? Gara in sami ladan."

Ana cikin kwanakin farko sai ga saƙo daga Jakusko. Yayana Adamu ya ji halin da ake ciki, ya aiko da gero a bayan a-kori-kura, bai kai rabin buhu ba, amma gero ne tsabarsa. Direban ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Adamu ya ce a gaishe da Zainabu, ya ce a riƙa dama wa tsohuwa kunu." Na tsoma hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ina jin sanyin ƙwayar, na yi ta kuka. Na lissafa a raina, in aka bi shi a hankali, kunu da ɗan tuwo mai laushi, zai kai Iya har faɗuwar ruwa.

To, a unguwarmu akwai ciyayya. In an sha ruwa an yi magariba, magidanta kan taru a dandalin ƙofar masallaci, kowa a fito masa da kwano daga gidansa, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Al'ada ce mai kyau, ba na zaginta, don ta haka baƙo da marar galihu ke samun abin sawa a baki. Amma kowa ya san kwanon kowa. In an ɗaga murfi, gidan mutum aka buɗe.

Da yammar ranar da geron ya zo Malam ya same ni a madafa.

Ya ce, "Geron nan na kwanon waje ne. Kullum ki tuƙa abin da zai cika shi."

Na ce, "Malam, Yaya cewa ya yi a dama wa Iya."

"Adamu ne ke riƙe da gidan nan ko ni?"

"Kai ne. Amma mu fa, me za mu ci?"

"Ga karas nan cike da ɗaki. Ba abinci ba ne? Ni ban taɓa fita da kwanon da za a buɗe a yi shiru ba, ubana ma bai yi ba. Ba a kaina za a fara ba."

Na ce, "Tsohuwar da ba ta da haƙori, da me za ta ci karas?"

Ya ce, "Ki dafa shi ya yi laushi mana. Aikinki ke nan."

Ki dafa shi ya yi laushi. Kamar wanda ya ce a miƙo masa buta. Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta, yana gyara hula yana duban wani wuri, sai in ji jinina ya hau.

Bari in faɗi yadda ake dafa tsohon karas ya yi laushi a shekarar da babu itace. Tun da safe nake tono shi daga yashi, in wanke, in kankare gashin da bayan wuƙa. Sai in tsaga kowanne gida biyu in ɓanɓare zuciyar, don ita ko kwana za ta yi a wuta ba ta nuna. Abin da ya rage in yanka shi siri-siri, in ɗan farfasa a turmi, in jiƙa shi ya wuni a ruwa. Itace kuwa ya zama abin nema. Abin da nake da shi karan geron da bai yi ƙwaya ba, da busasshiyar kaba, da ƙodagon goriba, da kashin shanun da nake roƙa wurin matan Fulani in sun shigo gari. Kara ci ɗaya yake yi ya mutu. Kuma dokar Malam ita ce a fara tuƙa tuwon waje, don kada a kira magariba kwanonsa bai fita ba. Saboda haka wuta mai ƙarfi ta tuwo ce, karas sai abin da ya saura. In ɗora tukunyar a kan garwashi, in rufe, in ɗora dutse a kan murfin, in durƙusa ina hurawa da bakin da ya wuni bai ga ruwa ba, hayaƙin kashin shanu yana shiga idona. In ɗauko ɗaya in matse tsakanin yatsu. In ya murƙushe, to. In ya yi gardama, in sake durƙusawa.

Na gwada jefa kanwa. Ta yi aiki, karas ya narke nan da nan, amma ya yi duhu, kuma cikin Iya ya ɓaci har ta kasa tashi. Na daina. Sai na koma tuƙe shi da muciya, in tace da rariya don fitar da zaren, in sa gishiri da ɗan daddawa, ranar sa'a da garin busasshen kifi. Abu ne ja-ja mai zaƙi-zaƙi, da farko har da ɗan daɗi. Bayan mako guda warinsa kaɗai ya isa ya tayar maka da zuciya. Ka sha cikin kwano, cikinka ya cika tim, kafin isha ka ji kamar ba ka ci komai ba.

Dabarar da na yi ita ce, in talgen tuwo ya tafasa, kafin in zuba gari, sai in saci ludayi guda in juye a tukunyar Iya. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya kuma in jiƙa shi ya kwana, da asuba in dama mata. Ba ta taɓa tambayata ba. Sai dai in ta kurɓa ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yau karas ɗinki ya yi hankali." Mu yi dariya. Da wannan ludayin ta rayu rabin watan.

Kullum ina kallon kwanon waje yana fita. Farin kwano ne mai zanen fure a murfi, malmala uku a ciki, miyar kuka a kai, ƙamshin yana bi ta ƙofar ɗakin Iya kafin ya kai zaure. Malam ya ci tuwo a waje, ya ci na gidan wasu, ya dawo yana sakace. Ba ya tambayar abin da muka ci, don ya sani.

Wata safiya ina zuba masa ruwan alwala ya kama hannuna ya juya. Tafin ya yi ruwan ɗorawa, har tsakanin yatsu. Na Iya ma haka, har tafin ƙafa. Karas ne ya fito mana a fata. Na ɗauka ganin haka zai girgiza shi. Sai ya ce, "Ku ƙunsa lalle, ke da Iya. Mata na shigowa gidan nan."

Wallahi haka ya ce. Kuma ya fita da kansa ya samo lallen. Na kwaɓa, na ƙunsa wa tsohuwa hannu da ƙafa a tsakiyar azumi kamar mai shirin biki. A nan na ga ƙafafunta sun kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Hannayenta kuwa sun zama kara, zoben azurfarta ya koma babban yatsa don kada ya faɗi. Tana kallona ina ɗaure mata tsumma ta ce, "Amarya ta fito, saura ango." Na yi dariya don ta ji daɗi, na shiga bayan ɗaki na ciji zanina.

Maƙwabciyarmu Ya Falmata, Babarbariya ce doguwa mai tsage, katanga ɗaya ta raba mu. Ta shigo da hantsi aron rariya, ta leƙa ɗakin Iya ta gaishe ta da harshensu.

"Wushe, wushe, Iya. Ya ibada? Kai, irin wannan lalle haka!"

Ta fito ta ja ni gefe. Ta ce, "Zainabu, ni ba yarinya ba ce. Ƙafar nan ba ta tsufa ba ce. Me take ci?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, kamar yadda aka koya mana, sai na kasa. Na ɗaga mata murfin ƙwaryar da na jiƙa karas. Ta duba, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Mu bado muke ci. Yara na zuwa tafki su tono, in shanya in daka. 'Yar dawar da ta rage ta kwanon waje ce, in ji mai gidan. Kullum in ya dawo sai ya ce, gidan Malam tuwon gero ake ci, ke ba ki ga yadda mata ke riƙe gida ba. Ashe ke ma haka."

Muka tsaya muna kallon juna. Wato kowane gida a layin nan mata da tsofaffi suna cin abin da ya samu, ana kwashe ƙwayar ƙarshe ana kai wa maza dandali, don kowannensu ya nuna wa ɗan'uwansa cewa shi bai faɗi ba. Suna zaune suna cinye mu suna yi wa juna sannu da ƙoƙari. Tun da nake ban taɓa jin fushi irin na ranar ba.

Da yamma na tuƙa tuwon kamar kullum, sai dai na sassauta shi ya yi laushi. Na ba karas lokacinsa ya nuna luguf. Sannan na ɗauko farin kwano mai fure na cika shi da karas har baki, na rufe, na naɗe da kyallensa. Tuwon kuma na zuba a akushin Iya. Aka kira salla, Malam ya shigo a gurguje ya sha ruwa, ya ɗauki kwanonsa ya fita. Bai buɗe ba, don bai taɓa buɗewa ba.

Na shiga wurin Iya da akushi, zuciyata fes. Na ce, "Iya, tashi ki sha ruwa. Yau tuwo za ki ci."

Na tallafe ta ta zauna. Ta sha ruwa, ta jawo akushin, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Hannunta ya kai bakin akushin, sai ya tsaya.

Ta ce, "Me ya fita waje?"

Na ƙara tura mata akushin.

"'Yar nan, me kika zuba wa ɗana a kwano?"

Na ce, "Abin da kike ci kullum, Iya."

Ta janye hannunta ta sa a cinya. Ta ce, "Kin tona masa asiri a gaban maza."

"Iya, dubi ƙafarki. Geron nan don ke aka aiko shi. Ki ci ko loma biyu, don Allah, don Annabi."

"Ɗauke. In kin yi sauri za ki same su ba su buɗe ba. Ba zan ci mutuncin ɗana da bakina ba."

Na durƙusa na roƙe ta. Na gutsuro na kai mata baki kamar yaro, ta kawar da kai ta juya wa bango fuska. Tuwon da ta yi rabin wata tana jin ƙamshinsa yana wucewa, ga shi a gabanta yana hucewa, ta ƙi. Na so tsohuwar nan fiye da kowa a duniya, amma a wannan lokacin da zan iya da na girgiza ta. Ita ma da ita aka haɗu aka kashe ta, kuma har yau ina jin haushinta kamar yadda nake kewarta.

Malam ya dawo bayan isha da kwano wayam, an sharce shi tas. Ya ajiye a gabana a hankali. Na shirya wa duka, na shirya wa saki, duk wanda ya zo.

Ya ce, "An ci. Na ce musu wani girki ne na mutanen birni da na sa ki gwada. Har ana cewa a ƙaro gobe." Ya yi murmushin da ban taɓa ganin mai muni irinsa ba. "Allah ya rufa mini asiri duk da ke."

Ko a nan bai fasa ba. Kowa a dandalin ya san abin da ya gani a kwanon, don kowa ya baro irinsa a gida, amma suka taya shi ƙaryar, suka lashe hannu. Babu namiji ɗaya da ya buɗe baki ya ce, jama'a, mu daina wannan abin, iyalinmu na mutuwa.

Washegari ya ɗauke buhun geron ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo. Kullum da la'asar ya auno da hannunsa, ya jawo kujera ya zauna a bakin madafa har in tuƙa, in kwashe, in rufe, ya ɗauka. Ƙanzon ma ya ce a haɗa a kwano. Ludayin talgen da nake sata ya ƙare ke nan. Akwai waɗanda daga baya suka ce mini da ban yi abin da na yi ba, da ludayin nan ya ci gaba. Kada wanda ya sake faɗa mini haka. Ni ban kulle gero a ɗaki ba.

Na koma wa karas da duk ƙarfina, don shi kaɗai aka bar mini. Na ƙone tabarmar da muka saƙa, na ƙone tsohon turmi, na ƙone ƙyauren ɗakin kaji, don dai wuta ta daɗe ya narke yadda zai wuce mata ba wahala. Ina tacewa sau biyu. Ya Falmata takan miƙo ɗan garin bado ta kan katanga in haɗa. Iya ta huce da ni, ta koma kirana 'yar nan, amma cokali kaɗan take karɓa ta ce ya isa. Azumi ya fi ƙarfinta ta ajiye da kanta. Kumburin ya hau har gwiwa, muryarta ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Na ce wa Malam a kai ta asibiti. Ya ce tsufa ne, kuma in an kai ta tambayar farko da za a yi ita ce me take ci.

Aka yi salla ba mu san an yi ba. Bayanta da 'yan kwanaki, da rana tsaka, gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, yara a waje suna ihu, kwaɗi suka fito daga inda ba a sani ba. Iya ta ce in buɗe mata ƙofa ta gani. Na buɗe, na zauna na ɗora kanta a cinyata, feshin ruwa yana taɓa mu. Ta ce, "Bana za a yi gero." Kafin ruwan ya tsaya ta cika.

Ya Falmata ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Aka kai ta aka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida.

Sai ga gero. Ban san daga inda ya fito ba. Ƙwarya-ƙwarya yake shigowa, daga gidajen da na san bado suke ci, daga dangin Malam da ba su leƙo mu ba tun kaka, daga attajiran bakin kasuwa. Wannan ya aiko da dawa, wancan da shinkafa, wani har da tasar mai. Malam da kansa ya buɗe kwaɗon ɗakinsa ya fito da sauran geron Yaya Adamu, ya ce a daka gumbar sadaka, a yi ta da yawa kada a ce an yi ƙwauro. Tsakar gidan da na yi wata ina hura kashin shanu ta cika da itace, murhu uku suna ci lokaci guda. Na tsaya a kan turmi ina daka, gero yana tsalle yana zuba ƙasa, kaji na tsattsaga, ba mai korarsu. Abin da ke cikin turmin nan kaɗai ya fi duk abin da ya shiga cikin Iya tun ganin wata.

Zauren a buɗe yake, muna jin maza suna shigowa gaisuwa. Wani ya yi addu'a aka shafa. Sai na ji muryar Malam, a natse, irin ta mutumin da ya sauke nauyi.

"Alhamdu lillahi. Ta tafi cikin rufin asiri. Ko sau ɗaya ba ta kwana da yunwa a gidan nan ba."

Maza suka amsa baki ɗaya, "Mun shaida, Malam. Mun ga kwanonka."

Taɓarya ta tsaya a hannuna. Matan da ke tsakar gida kowacce ta sunkuyar da kai kan abin da take yi. Ya Falmata tana durƙushe kusa da ni tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma rage murya ba.

Ta ce, "Ni na yi mata wanka. Da hannu ɗaya na juya ta."

 Can a zaure wani ya yi gyaran murya ya ce a miƙo gumba, baƙi sun iso.